FACIN DA YA ƘI KAMAWA

Ya kai mai karatu, na san abin da ka saba gani a wannan fili shi ne sharhin waƙa ko nazarin karin magana, saboda haka kada ka yi mamaki don yau ka ga ɗan sashen Hausa ya zo maka da zancen kwamfuta. Ba sheƙa na sauya ba. Wani abu ne ya same ni a zangon karatu na biyu na shekarar 2024, wanda saura ƙiris ya raba ni da muryar kakata har abada. Na ga kuwa bai kamata in yi shiru ba, tun da yake da yawa daga cikinmu a bakin irin wannan rami muke tafiya ba mu sani ba.

Ga yadda abin ya faro. Kawuna, Allah Ya jiƙansa, malamin firamare ne a ƙauyenmu, mutum ne kuma mai sha'awar al'amuran da. Tsakanin 2011 da 2013 ya bi tsofaffin matan garinmu gida gida da 'yar na'urarsa ta ɗaukar magana, yana naɗar tatsuniyoyi da waƙoƙin niƙa da na daka da na raino. Duk abin da ya naɗo sai ya juye shi cikin wata kwamfutar tebur da ya saya ta hannu, ya share na'urar, ya sake fita. Cikin matan nan har da mahaifiyarsa, wato kakata, wadda ta rasu a 2015. Shi ma ya bi ta a 2021.

Da lokacin zaɓen batun kundin digiri ya yi, sai na tuna da wannan taska, na tafi wurin matar kawu na faɗa mata buƙatata. Ta ce, "Ɗan nan, ga ta can ƙarƙashin gado, tun rasuwar kawunka ba wanda ya taɓa ta. Ka ɗauka, amma fa ka riƙe amana, don maganar bayin Allahn nan ba ta ko'ina sai cikinta." Na ce, "In Allah Ya yarda, Inna." Na ɗaure ta cikin buhu, na sako ta a mota har makaranta.

Daren da na iso na haɗa wayoyi na kunna. Sai ga baƙin allo da rubutun Turanci layi biyu, a ƙarshensa an ce a danna F1 don a ci gaba. Ban tsaya karanta sauran ba, na danna. Ka riƙe wannan a ranka, mai karatu, za mu komo kansa. Can sai Windows 7 ta buɗe, na shiga jakar da kawu ya ajiye aikinsa, na tarar da fayil 143, kowanne da sunan mai magana da ranar da aka naɗa. Na zaɓi guda na kakata, inda take ba da tatsuniyar 'yar bora da 'yar mowa, na saurare shi daga farko har ƙarshe. Shekara tara rabona da jin muryar nan. Ban san sa'ad da hawaye suka zubo mini ba.

Da na natsu sai na sa filashi don in kwashe jakar gaba ɗaya. Aiki ya fara tafiya, bai kai ko'ina ba ya cije a kan wani fayil, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Da na gaji da jira na soke kwafin duka, da nufin in sake da safe. Da safen ma haka aka yi.

Ina da aboki a sashen kimiyyar kwamfuta, ɗan aji biyu, shi na kirawo. Ya yi mini bayani cewa ma'ajiyar irin wannan kwamfuta faifai ne mai maganaɗisu da ke juyawa sau 7,200 a minti guda, ga kuma wani ɗan hannu da ke shawagi a kansa yana karatu da rubutu ba tare da ya taɓa shi ba. An yanka fuskar faifan gida gida, kowane gida ana ce masa sakta, yana ɗaukar bayit 512. Faifai mai gigabayit 500 irin na kawu yana da sakta sama da miliyan 976. In faifai ya tsufa sai wasu gidajen su daina karantuwa, kwafi kuwa in ya iso kansu sai ya tsaya yana ta maimaita gwaji. Faifan da kansa yana riƙe da lissafin lafiyarsa, a wani tsari da ake kira S.M.A.R.T. Abokina ya duba, ya ce sakta 16 ne suka ƙi karantuwa. Ya ce, "Malam, ciwon bai yi nisa ba. Abin yi shi ne mu ɗauki hoton faifan."

Ɗaukar hoton faifai ba da kyamara ake yi ba. Kwafin da muka saba shi ne mutum ya zaɓi fayil ya juye shi wani wuri, kamar ɗalibin da ya buɗe littafi ya kwafi babin da yake so. Hoto kuwa shi ne a juye faifan sukutum, sakta bayan sakta, daga na farko zuwa na ƙarshe, kamar magwafin da ya ɗauki tsohon littafin ajami ya juye shi duka, har da bayanan gefe da shafin da ba rubutu. In an samu hoton sai a jingine tsohon faifan ya huta, duk wani bincike a yi shi a kan sabon.

Muka yi sa'a, ko kuma in ce muka zaci mun yi sa'a, akwai wata manhajar ɗaukar hoto a kan kwamfutar tun daga wurin wanda ya sayar wa kawu. Na ranci kuɗi na sayo sabon faifai na waje mai igiya. Da muka umarci manhajar ta juye hoton a cikinsa sai ta ƙi, ta ce ita tsohon zubi ce, sai an sa mata gyaran da masu ita suka fitar daga baya. Irin wannan ɗan gyara shi ake kira faci, sunan kuwa ya dace, don aikinsa ɗaya da facin taya: ba a sake manhaja, toshe inda take yoyo kawai ake yi. Abokina ya sauko da facin a kwamfutarsa ta hannu, muka ɗauko shi a filashi. A nan ne fa gizo ya fara saƙa.

Ran farko na danna facin sau biyu, alamar jira ta ɗan juya, sai ga saƙo cewa fayil ɗin ya lalace. Na kashe kwamfuta na kunna, na danna F1, na sake gwadawa. Haka dai. Na ba shi izinin mai cikakken iko, bai sauya zani ba. Sai wajen la'asar abokina ya tuna cewa masu manhajar sun buga wata doguwar lamba kusa da wurin saukewa. Lambar nan ita ce hatimin fayil, da ake fitarwa ta hanyar lissafin SHA-256, haruffa da alƙaluma 64 ne a jere. In ko ɗigo ɗaya ya sauya a cikin fayil, hatimin gaba ɗaya sai ya sauya. Windows tana da umarnin da ake kira certutil mai fitar da wannan hatimi. Muka fitar da na fayil ɗinmu, muka jera shi da nasu, sai muka ga ko kama ba su yi ba. Ashe intanet ce ta yanke ana tsakiyar saukewa, rabin fayil muke ta fama da shi tun safe. Na ce a raina, ai wannan ita ce muƙabalar da malamanmu na zaure ke yi, in an gama juyar littafi a zauna a gwada shi da uwarsa kafin a amince da shi. Muka sake saukewa, hatimi ya yi daidai.

Rana ta biyu facin ya zo da sabon zance, wai bai dace da irin wannan Windows ba. Nan ma sai da na kashe na kunna ya fi sau biyar, ina tsammanin ko za ta huce. Daga baya muka gano cewa Windows iri biyu ce, akwai mai bit 32 da mai bit 64, manhajar da aka gina don ta biyun kuwa ba ta tashi a kan ta farkon. Ta kawu mai 32 ce, mu kuwa facin 64 muka ɗauko, don shi ne a saman jeri. Muka koma muka ɗauko na daidai, muka duba hatiminsa, muka haɗa kwamfutar da intanet ta wayata kamar yadda aka ce a yi.

To, daga nan ne abin ya zama na ban haushi. Da na danna sai taga ta buɗe, ta yi kamar daƙiƙa uku, ta rufe kanta. Ba saƙo, ba gargaɗi, ba komai. Mai ciwon da ke magana ai da sauƙi, wanda ya yi shiru shi ne abin tsoro. Muka shiga harbi a duhu. Muka kashe manhajar kariya daga ƙwayoyin cuta. Muka sauya wa fayil suna. Muka matsar da shi daga wannan jaka zuwa waccan. Muka cire tsohuwar manhajar muka mayar. Kowane gwaji kuwa sai an kashe an kunna, kowane kunnawa sai na danna F1. Na lura kwamfutar tana ƙara nauyi, abin da take buɗewa cikin minti biyu ya koma biyar, amma ban kawo komai a raina ba. Na riga na ɗauki abin kamar kokawa tsakanina da faci, na rantse sai na ga bayansa. Har laccar ƙarfe takwas na rasa a rana ta uku.

Da azahar ɗin rana ta ukun abokina ya sallama, ya ce mu kai ta wurin wani dattijon ma'aikaci da ke kula da ɗakin kwamfutocin tsangayarsu. Muka ɗauke ta niƙi-niƙi muka kai. Dattijon ya saurari labarinmu bai katse mu ba, sa'an nan ya kunna. Da baƙin allon nan ya fito, hannuna ya tafi wurin F1 da kansa, sai ya riƙe mini hannu.

Ya ce, "Samari, tsaya. Karanta mini abin da ta ce."

Na karanta. Cewa take yi ba a saita kwanan wata da lokaci ba.

Ya ce, "Sau nawa ta faɗa maka haka?"

Na ce, "Baba, kullum na kunna."

Ya ce, "Kai kuma kullum sai ka ce mata ta yi maka shiru."

Da Windows ta buɗe ya nuna mini lungun allo na dama daga ƙasa. Agogo ya ce wai yau 1 ga Janairu, 2010. Kwana uku ina kallon allon nan, idona bai taɓa sauka a wurin ba. Bai tsaya nan ba, ya shiga jakar da manhajoji ke zubar da tarkacensu na wucin gadi, ya buɗe wani ɗan fayil da facin ya rubuta da kansa, wato rahoton abin da ya yi mataki mataki. Layin ƙarshe ya ce ya nemi haɗuwa da ma'ajiyar masu shi a intanet, amma takardar shaidar da aka nuna masa lokacin fara aikinta bai yi ba. Rahoton nan yana nan tun jiya, sau goma sha ɗaya facin ya rubuta magana guda, ba wanda ya leƙa.

Dattijon ya warware mana zare da abawa. Facin da muka sauko da shi ɗan aike ne kawai, in ya tashi sai ya je intanet ya ɗauko sauran kayan. Kafin ya karɓi komai sai ɗaya ɓangaren ya nuna masa takardar shaida, wadda ke ɗauke da ranar da ta fara aiki da ranar da za ta ƙare. Kwamfuta kuwa da agogonta take auna waɗannan ranaku. Tun da ita a saninta 2010 ake ciki, takardar da aka bayar a 2024 a wurinta ta jabu ce, kamar a kawo maka wasiƙa mai kwanan watan shekara goma sha huɗu nan gaba. Sai ta ƙi, faci kuma ya rufe. Abin da ya sa agogon ya ɓata kuwa, akwai wani ɗan batir a kan babban allon cikin kwamfuta, mai kama da kwabo, ana ce masa CR2032, faɗinsa milimita 20, ƙarfinsa bolt 3. Shi ke riƙe agogo yana tafiya in an zare wuta. Na kawu ya mutu a ƙarƙashin gado, saboda haka duk sa'ad da aka zare wuta sai agogo ya koma ranar da aka saita masa tun daga masana'anta.

Ya buɗe durowa ya ɗauko sabon batir, wanda kuɗinsa bai kai na kwanon shinkafa ba, ya sa, ya gyara kwanan wata. Ya danna facin. Kafin minti biyu ya gama shiga lafiya lau. Na yi tsalle na ce, "Alhamdu lillahi! Baba, sai mu fara ɗaukar hoton."

Maimakon haka sai ya duba lissafin lafiyar faifan, ya juyo da allon wajena. Sakta 16 ɗin nan na ran farko sun haura 6,000. Nan take ya kashe kwamfutar.

Ya ce, "Samari, me ka zo nema wurin na'urar nan, faci ko muryar kakarka?"

Na yi shiru.

Ya ce, "Faifan da ke ciwo ba a tashin Windows a kansa. Duk kunnawa sai ta karanta dubban fayiloli, ta rubuta wasu, duk a kan faifan nan. Kun cire manhaja kun mayar, a kansa. Kwana uku kuna sa majinyaci dakan gero don ku samo masa magani. Kun bar jaki kuna dukan taiki."

Abin da ya yi shi ne, ya ciro faifan daga cikin akwatinsa, ya haɗa shi da wata kwamfutar da ke tashi da Linux, inda ba abin da zai rubuta masa ko ɗigo. Ya yi amfani da wata manhaja ta kyauta mai suna ddrescue, wadda Antonio Diaz Diaz ya fara fitarwa a 2004. Hikimarta ita ce ba ta tsayawa jayayya da gidan da ya ƙi karantuwa. Tana fara kwashe duk inda ke da lafiya da sauri, ta tsallake wuraren ciwo, sai ta gama sa'an nan ta komo tana lallaɓa su kaɗan kaɗan. Tana kuma riƙe da taswirar inda ta kai, har da aka ɗauke wuta cikin dare, da safe daga inda ta tsaya ta ci gaba. Facin da na ɓata kwana uku a kansa, ko amfani da shi ba a yi ba.

Bayan kwana ɗaya da wuni aikin ya ƙare. Abin da ya ƙi karantuwa duka duka kamar megabayit 3 ne cikin gigabayit 500. Sai ka ce ai ba komai. Fayil 141 sun fita lafiya. Ɗaya ya rasa 'yan daƙiƙoƙi. Ɗayan kuwa shi ne tatsuniyar 'yar bora da 'yar mowa, ta rasa kusan minti biyu a tsakiyarta, daidai inda kakata take rera waƙar da ke cikin tatsuniyar. Fayil ɗin da na saurara cikakke a daren farko ke nan. Da a daren nan na juye shi shi kaɗai, ko da na bi fayilolin ɗaya bayan ɗaya ina tsallake mai gardama, da yanzu yana hannuna. Amma da na sani ƙeya ce. Na rubuta abin da na iya tunawa na waƙar, na kuma bayyana a kundina cewa wannan daga ƙwaƙwalwata ne, ba daga bakinta ba. Da na koma gida ban ɓoye wa Inna ba. Ta yi shiru, can ta ce, "Ɗan nan, abin da ya rage ka riƙe shi da kyau."

Tun daga ran nan, in na wuce ta wurin mai facin da ke bakin ƙofar makaranta sai in tsaya in dube shi. Ba ya taɓa shafa gam sai ya hura tub ya tsoma shi cikin ruwa, ya bi shi a hankali har ya ga inda kumfa ke fita. Ni kuwa ɗan jami'a na yi kwana uku ina manna faci ban nemi huji ba, alhali na'urar tana nuna mini shi a allon farko, da lungun agogo, da cikin rahotonta. Mu da aka koya wa cewa kada mu yi sharhin waƙa sai mun karanta matani da kyau, sai ga shi layi biyu sun gagare ni karantawa.

Akwai kuma abin da ya fi wannan damuna. Tatsuniyoyin da Frank Edgar ya tara aka buga cikin littafi uku tsakanin 1911 da 1913, har yau muna karanta su a aji, shekara fiye da ɗari. Na kawu kuwa, shekara goma sha ɗaya kacal da gama naɗa su, saura kaɗan su bi iska. Takarda tana tsufa a hankali, kana ganin tsufanta. Faifai kuwa ba ya sallama in zai tafi. Ga shi yanzu kusan kowane ɗayanmu in ya fita aikin fili, da waya yake naɗo hirar tsofaffi da makaɗa da masu sana'a, ya bar ta nan wuri guda har ran da wayar za ta faɗa ruwa ko a sace ta.

Saboda haka, 'yan'uwana ɗalibai, ga ɗan abin da na tsinta, ku ɗauka kyauta tun da ni na riga na biya. Duk abin da kuka naɗo, ku ajiye shi wuri uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya kuma ya kasance a wani gari ko a intanet. Ku juye maganar a takarda tun mai ita yana da rai, don in wani wuri ya shige muku duhu ku koma ku tambaya. In kuka ga faifai ya fara nauyi ko kwafi yana cijewa, ku kashe shi nan da nan ku nemi wanda ya sani, kada ku sa masa sabuwar manhaja ko faci. In kuwa wani faci ya ƙi tashi a kan lafiyayyar na'ura, kafin ku zargi kowa ku gwada hatiminsa, ku tabbata na irin na'urarku ne, ku dubi agogo, ku nemi rahoton da ya bari. Matambayi ba ya ɓata, na'ura ma ana tambayarta, tana kuma ba da amsa ga mai haƙurin karantawa.

Yau fayilolin kawu suna wurina, suna wurin malamin da ke duba kundina, kwafi na uku kuma yana ƙauye cikin akwatin Inna. Na juye 90 daga cikinsu a takarda, ina kan sauran. In na iso wurin da muryar kakata ta yanke, nakan bar na'urar ta ci gaba da tafiya har minti biyun nan su wuce, sa'an nan in ji ta dawo tana ƙarasa labarinta kamar ba abin da ya faru.

Nan zan dasa aya. Allah Ya jiƙan magabatanmu, mu kuma Ya ba mu ikon riƙe abin da suka bar mana.